A-kori-kura tana mutuwa a gosulo bayan an wanke kafireto sau biyu: ta ina iskar take shiga?

"Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 a-kori-kura, da ita nake ɗauko albasa da tumatir daga Mile 12 zuwa Agege. Wata biyu ke nan tana wahalar da ni. Da asuba in na ja cok tana tashi lafiya lau, amma da ta yi zafi na mayar da cok sai silo ya riƙa rawa, in na shiga gosulo a Ketu ko Ojota sai ta mutu, musamman in na taka birki. An wanke kafireto sau biyu, an sa sababbin fulogi, makanike ya ƙara silo. Yanzu kuma wani lokaci injin sai ya yi ta ihu shi kaɗai, in na kashe makulli ma sai ya ɗan yi kakari kafin ya tsaya. Shan mai kuma ya ƙaru. Wani ya ce tana shan iska, wani ya ce in je Ladipo in sayo wani kafireton. Wanne zan bi?" Wani direba daga Agege.

Wa alaikumus salam, Malam direba, Allah ya yi wa nema albarka. Abin da kake son sani shi ne ko kafireton ne ya gama yayi, ko kuwa lafiyarsa ƙalau, iska ce take shiga injin ta ɓarauniyar hanya. Daga alamomin da ka lissafa, wanda ya ce maka tana shan iska ya fi kusa da gaskiya, kuma akwai kalma ɗaya a cikin saƙonka da ta fi sauran nauyi, wato birki. Za mu zo kanta. Amma tun yanzu ka bar kuɗinka a aljihu, kada ka nufi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, tukuna, kuma ka hana kowa sake taɓa sukurorin kafireton har sai an gano inda iskar take bi. In ramin a jikin tiyo yake ko a fakin, wato takardar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don hana yoyo, ko sabon kafireto fil ka ɗaura, washegari za ta sake mutu maka a Ojota.

Abin da ake nufi da shan iska

Injin fetur yana son iska da mai a kan ma'auni, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai in da nauyi aka auna, a silo kuma ya fi son man ya ɗan ɗara haka. Kafireto ba shi da kwamfuta, ba shi da sensa. Iskar da ta ratsa ta maƙogwaronsa ita kaɗai ya sani, ita yake jawo wa mai daidai da yawanta. A ƙasan maƙogwaron akwai faifan da totur yake buɗewa, wanda kanikawa ke kira batafulai. In ka ɗaga ƙafa daga totur faifan yana rufewa saura 'yar kafa, fistin huɗu kuma ba su daina zuƙa ba, sai cikin manifol, bututun da ke kai iska da mai daga kafireto zuwa silinda, ya zama kamar ledar fiyawota da kake tsotsa bayan ruwan ya ƙare. Wannan zuƙar ita ce bakyum. Duk wata kafa da ke ƙasan faifan, ko tsagar tiyo ce, ko fakin da ya ƙone, ko noti da ya yi sako-sako, iska za ta kutsa ta nan ba tare da kafireto ya san da zamanta ba, balle ya ba ta mai.

Dalilin da ya sa abin ya fi cizo a silo lissafi ne mai sauƙi. Inji mai lita 2 da ke juyi 800 a minti bai wuce lita 200 zuwa 300 na iska yake sha a minti ba. In ka buɗe masa totur a kan babbar hanya yana shan ninkin wannan fiye da sau goma. Rami mai faɗin milimita 3, a zuƙar silo, yana shigar da abin da ya kai lita 60 zuwa 80 a minti. A silo wannan kusan rubu'in numfashin injin ke nan, iska zalla babu mai. A guje kuwa zuƙar ta ragu, iskar halas ta yi yawa, ramin ya zama ɗigo a cikin randa. Shi ya sa motarka take gudu lafiya in hanya ta buɗe, ta mutu in an tsaya.

Sauran alamomin ma duk daga nan suka fito. Cok yana rufe bakin kafireto ne ya tilasta masa zuba mai da yawa, sai man ya cike gurbin iskar satar, ka ji inji garau da asuba. Da ka mayar da cok sai asiri ya tonu. Makaniken da ya ƙara silo bai toshe komai ba, faifan kawai ya ƙara buɗewa. A jikin maƙogwaro, dab da bakin faifan, akwai wasu 'yan ramuka da aka yi don su fara ba da mai lokacin da ka soma taka totur. In an buɗe faifan fiye da kima a silo, waɗannan ramukan suna fara zuba tun kafin lokacinsu, sai sukurun mai, wanda ake daidaita man silo da shi, ya daina jin magana, ka juya shi ciki ka juya shi waje inji bai canza murya ba. Kakarin da take yi bayan ka kashe makulli ma daga nan yake: faifai a buɗe, silo a sama, cikin silinda ya yi zafi saboda ƙarancin mai, sai abin da ya shiga ya riƙa kamawa da kansa ba tare da tartsatsin fulogi ba.

Mutane sukan yi mamakin yadda inji mai ƙarancin mai a gauraye zai ƙara shan mai a aljihu. Ai direban ne yake biya. Cok a jawe rabin hanya, ƙafa a kan totur a duk gosulo don kada ta mutu, sukurun mai an kwance shi har ya kusa faɗuwa, ga silindar da take misin tana zubar da nata kason ta salansa bai ƙone ba.

Kafin a kwance komai

A bar injin ya yi zafi sosai, cok a mayar da shi gaba ɗaya. A cire murfin matacin iska, a kawo tafin hannu ko tsumma mai tsabta a rufe bakin kafireto a hankali, kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Kada a leƙa da fuska, don inji mai ƙarancin mai yakan yi atishawar wuta ta nan. Inji mai lafiya in aka shaƙe shi haka nan take yake yin ƙasa yana neman mutuwa. In kuwa ya ɗaga murya ya daidaita, ya gaya maka ke nan cewa iska ta fi mai yawa. In aka rufe bakin kusan ruf amma yana ci gaba da tafiya abinsa, to yana da wani hancin da yake numfashi da shi, kuma ba ƙarami ba ne.

A cire fulogin nan sababbi a jera su yadda suke, 1 zuwa 4. Launin ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara shi ne lafiya. In duka huɗun sun yi fari fat, iskar tana shiga ta wurin da ya shafi kowa, wato gindin kafireto ko wani babban tiyo. In ɗaya ko biyu ne suka yi fari sauran suka yi baƙi, a nemi ramin kusa da waɗannan silindar, inda manifol ya haɗu da kan inji. Baƙin sauran kuwa sakamakon man da aka ƙara ne don a rufa wa masu yunwar asiri.

Sai kunne. A sami tiyo kamar rabin mita, a sa baki ɗaya a kunne, a riƙa zagayawa da ɗayan a gindin kafireto da bakin kowane tiyo. Ƙarar satar iska siririya ce, kamar fito ko tsakin maciji, tana ƙaruwa in ka zo kanta. A naɗe hannun riga, hula da carbi a aljihu, don fanka da fambel ba su san mai mota ba.

Maganar birki

Busta, wato baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, famfon da ke tura man birki, da zuƙar manifol take aiki, kuma tiyonta shi ne mafi kauri a duk tiyoyin bakyum, cikinsa kusan milimita 10 zuwa 12. A cikin tukunyar akwai faffaɗar roba da ta raba ta gida biyu. In robar ta tsage, duk lokacin da ka taka birki ka buɗe wa iskar waje ƙofa kai tsaye zuwa manifol.

A gwada mota tana tsaye cak, inji yana silo. Ka taka birki ka riƙe. In kana takawa kana saki da sauri, ɗan motsin da silo zai yi ba laifi ba ne, haka kowace busta take. Amma in ka taka ka riƙe, inji ya ci gaba da rawa muddin ƙafarka tana kai, ko ka ji huci a wajen ƙafarka ƙarƙashin sitiyari, robar ta tafi. Gwaji na biyu: kashe inji, taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, riƙe shi, ka tayar da inji. Ya kamata feda ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Na uku: bar inji ya yi minti ɗaya, kashe shi, jira minti biyar, sannan ka taka. Takun farko da na biyu ya kamata su zo da laushi, alamar tukunyar ta riƙe zuƙarta. In tun takun farko ya zo kamar dutse, ko dai tukunyar tana yoyo ko ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyon ya lalace. Shi bawul ɗin a cire shi a hura da baki: ta gefe ɗaya kawai ya kamata iska ta wuce, daga busta zuwa inji.

Hukuncin ƙarshe shi ne a zare tiyon daga manifol a toshe bakin manifol ɗin da babban yatsa. In silo ya kwanta nan take, an kama ɓarawo. A kuma leƙa cikin tiyon. In akwai jiƙar man birki, masta tana zuba ta baya cikin tukunyar, man ne ya cinye robar, kuma in aka canza busta aka bar mastar, sabuwar ma haka za ta ƙare.

In kuwa a tsaye birki bai taɓa silo ba, sai in kana tafe ka taka da ƙarfi take mutuwa, wannan wani zance ne daban: man da ke cikin kwanon kafireto ne yake tangaɗi, a duba tsayin fulot, abin da ke iyo a kwanon yana ƙayyade yawan man.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma ba na wasa ba ne. Toshe tiyon busta gwaji ne na cikin gareji. Akwai masu cusa masa tsohon fulogi su ce a je a dawo. Motar da ta ɗauko buhunan albasa, birkinta babu busta, a gangaren gada, ba abin da za a gwada ba ne.

Raba gardama tsakanin tiyo da ƙarfe

Ko busta ta fita da laifi ko ba ta fita ba, a ci gaba, don tsohuwar mota ba kasafai take yoyo a wuri ɗaya tak ba. Hanya mafi sauri ita ce a zare duk tiyon da ke manne da manifol da gindin kafireto, a toshe bakunansu duka, a tayar da inji. In ya daidaita, laifin yana cikin tiyoyin ko abin da suke kai wa zuƙa, sai a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har rawar ta dawo. In bai daidaita ba, tiyoyi ba su da laifi, saura fakin da ƙarfe. A ɗauki hoton wurin da waya kafin a zare komai. A 504 tiyoyin ba su da yawa, amma mai tsohuwar Honda Accord ko Nissan Sunny in ya zare nasa ba hoto, zai kwana yana haɗa taliya.

Tiyo yakan tsage ne a baki, daidai inda ya hau kan bututun ƙarfe, kuma yawanci ta ƙasa inda ido ba ya gani. A lanƙwasa kowanne a duba. Zafin gosulon Legas, inji yana dahuwa awa biyu ba iskar da ke ratsa shi, yana mayar da roba kamar busasshiyar ganda. A kula da bakunan da wani ya taɓa toshewa a baya da sukuru, ko ƙusa, ko guntun tiyo da aka naɗe aka ɗaure da waya. Su ne kan gaba wajen yoyo.

Siririn tiyon da ke zuwa distiributa yana da nasa hali. A yawancin kafireto bakinsa yana sama da faifan kaɗan, don haka a silo babu zuƙa a cikinsa, sai an ɗan taka totur. Ma'ana, in robar cikin 'yar tukunyar distiributa ta huje, ba lallai silo ya nuna ba, sai dai mota ta riƙa jan ƙafa wajen tashi, tana zafi, tana shan mai. A cire murfin distiributa, a tsotsi tiyon da baki, a ga farantin kwantak ya motsa, a toshe da harshe. In ya tsaya a inda yake, lafiya. In kana tsotsa kana jin iska tana zuwa ba iyaka, ta huje. Haka kuma tiyon numfashin inji, wanda ke kwaso tururin baƙin mai ya kai manifol: an yi shi da ƙaramin rami ko bawul da ke auna abin da zai wuce. In wani ya cire wannan ya haɗa tiyo kai tsaye, ya buɗe rami da hannunsa.

Feshi da hayaƙi

In tiyoyi sun fita, sai a koma gindin kafireto, da bakin manifol, da gefe biyu na sandar da faifan yake juyawa a kanta. A mayar da matacin iska a rufe, in ba haka ba tururin abin da ake fesawa zai bi ta sama ya ruɗe ka. A fara da ruwa a robar feshi, don ruwa ba ya kama wuta: in ya sauka a kan ramin, yana toshe shi na ɗan lokaci ko a zuƙe shi ciki, muryar inji ta canza. A kiyaye murfin distiributa da wayoyin fulogi. In ruwa bai nuna ba, a ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireto, a sa masa siririn tsinkensa, a riƙa fesawa ƙyas-ƙyas, wuri ɗaya a lokaci ɗaya, a jira daƙiƙa uku zuwa biyar kafin a matsa. Littafi yana cewa inji zai ɗaga murya. A motarka da aka riga aka buɗe wa mai, yana iya yin ƙasa maimakon sama. Kowane canji shaida ne, muddin in ka maimaita a wurin ya sake yi.

Abin kashe gobara ya kasance a hannun wani, ba a bayan kujera ba. Ɗabi'ar nan ta huda murfin gora a riƙa tsiyaya fetur a kan inji mai zafi, ga wayar fulogi tana tartsatsi a gefe, ta ƙone motoci da yawa, kada ka yarda a yi maka ita.

Feshi yana da iyaka: ba ya kai wa ƙarƙashin manifol, ba ya kama yoyon da ke buɗewa sai inji ya huce. Nan hayaƙi ya fi shi. Inji a kashe, a sanyaye. A rufe bakin kafireto da leda a ɗaure da roba, a tura hayaƙi ta bakin tiyon busta, a haska da tocila. Garejin da ke da injin hayaƙi ya fi. In babu, gwangwani mai murfi da tiyo biyu da turaren tsinke a ciki yana yi, amma gwangwanin ya yi nesa da motar da tiyo mai tsawon mita biyu, a kuma hura da baki a hankali, ba da kwamfireso ba. Ɗan siririn hayaƙi a bakin sandar faifai ba abin damuwa ba ne a tsohon kafireto. Wanda ke fita kamar bututun shisha shi ne magana.

Ita sandar faifan, a kama ta da yatsa a girgiza sama da ƙasa, inji a kashe. Shekara talatin tana juyawa a cikin jikin kafireto mai laushi, ramin yakan zama ƙwai. Alamarta ita ce silo da ba ya dawowa wuri ɗaya: ka saki totur yanzu ya tsaya a 700, an jima ya tsaya a 1,300. Wannan ya yi kama da ihun da ka ce injinka yana yi shi kaɗai, kodayake wayar totur da ta yi tsauri ko sifirin da ya saki ma suna kawo haka. A shafa giris mai kauri a bakin sandar gefe biyu inji yana silo. In ya canza, ta ci.

Wanda ke da agogon bakyum ya huta da rabin wahalar nan. A haɗa shi a manifol, ba a bakin tiyon distiributa ba. A Legas, da yake bakin teku ne, inji mai lafiya yana nuna inci 17 zuwa 21, allura a tsaye. Duk hawan mita 300 yana rage kusan inci 1, don haka a Jos motar nan za ta nuna ƙasa da haka da wajen inci 4 ba tare da wani laifi ba. Allura a tsaye amma ƙasa da ma'auni tana nufin satar iska ko taimin da ya yi latti. Allurar da ke faɗuwa tana dawowa a kan ƙa'ida, kamar bugun zuciya, bawul ne ya ƙone ko ya matse.

Masu kama da shi

Gwajin tafin hannu yana nuna ƙarancin mai ne kawai, bai ce iska ce ta ƙaru ko mai ne ya ragu ba. Jet ɗin silo, ɗan ramin da ke auna man silo, in ya toshe yana ba da alamomi kusan iri ɗaya, kuma wanki biyu ba hujja ba ce, in wankin na zuba fetur a kwano ne a goga da buroshi ba a busa ramukan ciki da iska ba. In tankin yana da tsatsa, ko filtar mai ta tsufa, yau a wanke gobe ya toshe. Kafireton da ke da ɗan solinoyid a jikin jet ɗin silo, a kunna makulli a zare wayarsa a mayar, a ji yana ƙwas. In shiru, shi ya rufe man. Sai bawul da aka ɗaure ba gibi, da kwantak da ya ƙone, da taimin. In an bi duk hanyoyin iska ba a sami komai ba, a auna kwamfireshan. Silindar da ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 15 cikin 100 ta fitar da zancen daga hannun mai kafireto, ya koma na kan inji. Daga nesa iyakar abin da saƙo zai iya yi shi ne jera maka waɗanda ake zargi. Yatsan da zai toshe bakin manifol shi zai yanke hukunci.

Gyaran

Tiyo a canza shi dungurungum, kada a naɗe shi da salatif. Ƙananan yawanci cikinsu milimita 3.5 zuwa 4 ne, a je da guntun tsohon a gwada. Robar ƙarin ruwa ta asibiti da ake yawan sawa tana yin laushi da zafi ta manne, in ta huce ta bushe ta zame. Na busta dole ya zama mai zare a ciki wanda zuƙa ba ta lotsa shi, da kilif a baki biyu. Tiyon lagireto ko na ban ruwa ba ya yi.

Fakin gindin kafireto shi ne inda aka fi yin aika-aika, kuma tunda an sauke naka sau biyu, ina kyautata zaton tsohon fakin aka mayar duka biyun. Fakin da aka taɓa matsewa ya riga ya kwanta, ba ya sake cika gurbi. A sa sabo, ko a yanka daga takardar fakin ta gaskiya mai kaurin rabin milimita zuwa 1, ba kwalin indomi ba. Kada a shafa silikon. Fetur yana kumbura shi ya zama kamar majina, guntayensa su shige ramukan silo. In akwai baƙin faranti mai hana zafi tsakanin kafireto da manifol, a wanke shi a ɗaga shi a rana a nemi tsaga, kuma fakin biyu yake so, sama da ƙasa. Masu Golf 2 kuwa, kafiretonsu a kan wata roba mai kauri yake zaune, a girgiza shi da hannu inji yana silo, in murya ta canza robar ta tsage, a nan ciwonsu ya fi yawa. In an taɓa ɗaura wa motarka kafireton wata mota da farantin haɗi, wuraren yoyo sun zama biyu, a duba duka.

Kafin a mayar, a kifa gindin kafireton a kan gilashi mai kauri a duba. Yawan ɗaure noti da ƙarfi yana jawo kunnuwan ƙasa ya bar tsakiya a ɗage, har ka ga haske yana wucewa. In filageji, siririn ƙarfen auna gibi, mai kaurin milimita 0.10 ya shige, a shimfiɗa samfefa mai lamba 180 a kan gilashin, a tabbatar faifan da sukurorinsa ba su taɓa ba, a riƙa gogawa ana zana lamba 8 har fuskar ta yi haske bai ɗaya, a gama da 320, a wanke a busa. Wajen ɗaurewa a yi amfani da gajeriyar sifana, a bi notin a gicciye kaɗan-kaɗan, a tsaya da zarar sun kama. Bayan kwana biyu, inji a sanyaye, a sake taɓa su.

Sandar faifai da ta ci, masu injin tona, wato injin sassaƙa ƙarfe, suna iya faɗaɗa ramin su dasa bushin tagulla. Aikin yana kyau in an yi ramukan biyu a kan layi ɗaya. In aka karkace, faifan ba zai sake rufewa daidai ba, an kashe maciji an haifi kunama.

Bayan an toshe ko'ina sai a warware abin da aka yi don rufa asiri, in ba haka ba mota za ta koma hayaƙi baƙi. A bi da tsari: gibin bawul yadda littafin injin ya ce, gibin kwantak wajen milimita 0.40, sannan taimin, da tiyon distiributa a zare a toshe. Kafireto shi ne na ƙarshe. Inji da zafi, an mayar da cok gaba ɗaya, matacin iska a ɗaure. A mayar da sukurun mai ciki da yatsa biyu har ya taɓa, ba a matsa shi don tsininsa yana lalacewa, a dawo da shi zagaye biyu. A sauke sukurun silo zuwa wajen juyi 800 zuwa 900. A riƙa juya na mai rubu'i-rubu'i, ana jira tsakani, har a sami inda inji ya fi ɗaga murya ya fi santsi, sannan a sake sauke silon. In ka mayar da sukurun mai ciki inji ya nemi mutuwa, ka fito da shi ya farfaɗo, ya dawo jin magana ke nan, iskar sata ta ƙare. In sai ya wuce zagaye huɗu kafin inji ya zauna, akwai sauran rami ko jet a toshe. A kunna fitila babba a taka birki a riƙe, a ga silo ya jure.

Kada a ja lokaci da wannan gyaran. Iskar da ke bi ta rami ba ta ratsa mataci ba, da ƙurarta take shiga tana cin ringi, silindar da ke aiki da yunwar mai kuma ita ce ke ƙone bawul ɗin salansa.

In bincike ya ƙare a kan jikin kafireton kansa, ya tsage ko sandar ta wuce gyara, sannan ne tafiya Ladipo ta wajaba. Ka tafi da naka a hannu don a gwada tazarar ramukan noti da yawan bakunan tiyo. Kowanne aka miƙo maka, kada wankin da aka yi masa ya ruɗe ka, girgiza sandar faifan tukuna. Ɗaga shi sama ka kalli rana ta maƙogwaro, faifai a rufe: siririn zare na haske daidai a gefe biyu ake so, ba jinjirin wata a gefe ɗaya ba. Ɗora gindinsa a kan gilashin kanti ka ga ko yana rawa. Kwance sukurun mai ka duba tsininsa ko ya ci, ka duba bakin jet ko an taɓa sa masa waya an faɗaɗa. Ka yi ciniki a kan cewa in bai yi ba za ka dawo da shi, ka sayi sabon fakin guda biyu a nan kasuwar kafin ka fito.